Uwar Miji a Finafinan Barkwanci na Hausa: Nazari Daga Kwarin Komadugu

Barkwancin suruka wani reshe ne na wasan kwaikwayon Hausa wanda ake gina labarinsa a kan dattijuwar da ta hana ɗanta da matarsa sakat, tana tsoma baki a girki da cefane da haihuwa, har gida ya rikice. Ya fi bayyana a finafinan bidiyo na Kano daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa wajen 2010, musamman a cikin waɗanda ake kira camama, wato finafinan ban dariya masu ƙaramin jari da ake ɗauka cikin 'yan kwanaki. A Nijar, inda aka saba kiran finafinan Kano da sunan dandalin soyayya, wannan reshe ya samu masu kallo har can ƙuryar gabas, daga garin Diffa da ƙauyukan bakin kogin Komadugu Yobe zuwa Bosso, dab da inda kogin ke faɗawa Tafkin Chadi. Mazauna kwarin galibinsu Barebari ne, tare da Fulani da Buduma da Tubawa da Larabawa da Hausawa masunta da 'yan kasuwa, amma Hausa tana cikin harsunan kasuwa da tasha, Naira kuma ta daɗe tana yawo a hannun jama'a tare da Sefa. Tsallaken ruwa daga Bosso akwai Malam Fatori, kusa da Diffa kuma akwai Damasak, duka a jihar Borno. Ta hanyoyin da jan tattasai da bandar kifi ke bi zuwa Najeriya, ta nan kaset da faifai suka riƙa shigowa.

Tushen wannan barkwanci shi ne wurin da amarya ke tarewa. A al'adar Hausawa, haka ma ta Barebari, mace ake kai wa gidan miji, kuma a karkara gidan miji sau da yawa sashe ne a cikin gidan mahaifinsa. Inda ake noman gandu, 'ya'ya maza suna aiki a gonar uba ko bayan sun yi aure, amfanin gona yana shiga rumbu ɗaya, uwar gida kuma tana da babbar murya a kan awon yau da kullum. Saboda haka amarya takan tarar da wata mace ta riga ta mallaki murhu da turmi da tsakar gida shekara talatin kafin zuwanta. Wannan ne ya sa a fim ɗin Hausa uwar miji ce kan gaba wajen fitina, uwar mata tana biye. A Masar abin ya sha bamban. Marigayiya Mari Munib ta yi suna da fitowa a matsayin suruka a finafinai irin su Hamati Kumbula Zarriyya na 1951 da Al-Hamawat al-Fatinat na 1953, waɗanda Hilmi Rafla ya ba da umarni, kuma a can ma'aurata suna zaune a gidansu na birni, surukai ne ke yi musu dirar mikiya. A fim na biyun ma kakanni biyu ne ke jayayya a kan renon jika. Wanda ya fi kusa da gidan Bahaushe shi ne fim ɗin Indiya, inda amarya ke shiga babban gida ta iske uwar miji riƙe da makullai. Lalita Pawar ta shafe shekaru tana wannan fitowa, har da Sau Din Saas Ke na 1980, kuma finafinan Indiya sun zauna da gindinsu a silimomin Kano da Kaduna da Jos tun kafin a san bidiyo.

Sai dai zaman gida ɗaya bai isa ya bayyana dalilin da ya sa abin ke ba da dariya ba. Dalilin yana cikin kunya. Al'umma ta raba dangantaka gida biyu: akwai waɗanda ake wasa da su, akwai waɗanda ake jin nauyinsu. Kaka da jika suna wasa, taubasai suna wasa, ƙanen miji yana tsokanar matar wansa, Babarbare da Bafillace suna yi wa juna ba'a a kasuwar Diffa ba tare da ran kowa ya ɓaci ba, kuma irin wannan wasan dangi na Nijar ne hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2014. Suruka tana can ɗaya ƙarshen. Ba a kiran sunanta, ko da wata yarinya ce ta ci sunan sai a yi mata laƙabi. Ba a cin abinci a gabanta, ba a haɗa ido da ita, ba a gaishe ta a tsaye, balle a mayar mata da magana. Duk abin da matar ɗa ta ƙunsa, a ciki yake zama, ko ya fita ta habaici. To sai ga akwatin talabijin ya ɗauko wannan mace da ba a ɗaga wa kai, ya nuna ta tana laɓe a bayan taga, tana ɓoye tsire a ƙarƙashin filo, tana zamewa a ruwan wanke-wanken da ita ta zubar don wata ta faɗi. Dariyar da ke tashi a wurin ta mutanen da aka sauke wa wani nauyi ce na ɗan lokaci, kuma ba a samun irinta a al'ummar da ba ta san nauyin suruka ba.

Tun kafin fim, adabin baka ya tanadi ƙofofin da wannan magana ke fita. Waƙoƙin niƙa da na daɓe, waɗanda mata ke yi su kaɗai a bakin aiki, cike suke da zambo ga kishiya da uwar miji, ba a kama suna, amma wadda ake nufi tana ji daga ɗakinta. Mawaƙan amada irin su Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, sun fito da zancen cikin gida zuwa filin biki. A tashen watan azumi 'yan mata suna yin wasan Mairama da Daudu, suna kwaikwayon zaman miji da mata. Akwai kuma labaran ban dariya a kan surukin da ya je gidan surukai, aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi saboda kunya, dare ya raba ya lallaɓa madafa, asirinsa ya tonu. A duk waɗannan, kunyar ce abin wasan.

Rubutaccen wasan kwaikwayo ya gaji wannan sha'awa ta leƙa cikin gida. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, wanda aka buga a 1960, ya bi attajirin da aure ya tsiyata. Uwar Gulma na Mohammed Sada ya bi rikicin Hayatu da matarsa Halima har gaban iyaye da alƙali. Bora da Mowa na Umaru Balarabe Ahmed ya ɗauki zaman kishi. A Nijar kuwa hanyar ta fi karkata ga dandali da rediyo. Zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka kafa bikin matasa na ƙasa wanda aka fara a Damagaram a 1976, ana zagayawa da shi manyan garuruwa, kowace jiha tana kawo wasanta. Yazi Dogo, malamin makaranta da ya yi suna a Damagaram da Yamai, yana cikin fitattun wannan zamani. Kamar yadda Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, 'yan wasan ba su dogara da rubutaccen zance ba: a kan amince da ƙashin labari, kowa ya cika nasa da bakinsa. Da wannan dabara camama ta tashi a Kano bayan fitowar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kuma ita ce ta sa maganar 'yan wasan ke fita kamar ta tsakar gida. Mai kallo a Diffa, wanda ya saba da wasan samariya da na gidan rediyon ƙasa, bai ga baƙon abu ba.

Ƙashin labarin kusan ɗaya ne a yawancin finafinan. Ana buɗewa da kwanakin farko bayan tarewa. Amarya ta tashi da asuba, ta share tsakar gida, ta dama koko, ta kai ɗakin tsohuwa, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Inna, ina kwana?" Inna tana jan carbi, ta kau da kai, ta amsa a daƙile. Ta buɗe kwano, ta juya ludayi, ta tambaya ko a gidansu haka ake dama koko. Amarya ba ta da amsa sai "Ki yi haƙuri, Inna." Da yamma ɗa ya dawo da leda a hannu ya nufi ɗakin matarsa, sai murya ta tare shi daga rumfa: "Kawo nan in gani." Daga nan fitina take hawa mataki mataki. Gishiri ya yi yawa, sabulu yana saurin ƙarewa, wata shida ba ko ɓatan wata. Sai zargi mafi girma ya fito, cewa an shanye mata ɗa, an mallake shi, ya zama mijin-ta-ce. Ƙanwar miji, wadda sau da yawa bazawara ce da ta dawo gida, ita ke kai gulma tana kawowa. A ɗaya gefen uwar mata tana zuga 'yarta ta yi yaji, ko ta ja ta wurin boka a nemo abin da zai rufe bakin tsohuwa. Ƙololuwar rikici ita ce ranar da uwa ta tsaya ta ce ko ita ko matar, in kuwa bai rubuta takarda ba za ta ɗaga masa nono.

A nan ne gwanintar 'yan wasa take bayyana, domin rubutun ba shi da yawa. Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta rasu a Kano ranar 9 ga Afrilu 2024, ta ƙware a fitowar masifaffiyar mace: zare ido, tafa hannu, riƙe ƙugu, da iya sauya murya nan take daga faɗa zuwa kukan munafunci da zarar ɗa ya yi sallama. Aisha Ɗankano, wadda ta rasu a 2016, ta yi fice a fitowar mace mai makirci da baƙar magana. A ɗaya ɓangaren akwai irin su Hajara Usman da marigayiya Amina Garba, wato Mama Dumba, waɗanda masu kallo suka fi sabawa da su a matsayin uwa mai sanyin hali, kuma kasancewarsu ya hana a ɗauka cewa kowace uwar fim azzaluma ce. Ta fuskar maza, Rabilu Musa Ibro, tsohon ma'aikacin gidan yari ɗan Ɗanlasan wanda ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, shi ne ya mayar da camama kasuwa mai zaman kanta, ya kuma kafa siffar magidancin da bakinsa ya fi ƙarfinsa, mai cika baki a waje, mai rawar jiki a gida.

Wannan siffa tana da muhimmanci, domin idan aka duba da kyau, wanda fim ɗin ya fi yi wa dariya shi ne ɗan. Shi ne ke shiga ɗakin uwa ya ce matar ba ta da kirki, ya fito ya shiga ɗakin mata ya ce ta yi haƙuri da tsufa. Shi ne ke sayen tsire ƙulli biyu yana ɓoye ɗaya a aljihun babbar riga. Matan biyu kowace ta san abin da take so; shi kaɗai ne ba shi da matsaya. A nan barkwancin ya taɓa gaskiya mai nauyi, domin yawancin rikicin uwar miji da matar ɗa yana tsananta ne a inda namiji ya kasa ba kowace haƙƙinta a fili, ya koma yin ƙarya ga duka biyun.

Matsalar da kowane mai shirya irin wannan fim yake fuskanta ita ce yadda zai rufe labari. Uwa ba kishiya ba ce da za a kore ta a huta. Albarkarta ake nema, tsinuwarta ake tsoro, kuma masu kallo ba za su yafe wa fim ɗin da ya bar ɗa yana wulaƙanta mahaifiyarsa ba. Tun kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, akwai kuma idon hukuma a kan duk abin da za a ce ya saɓa wa tarbiyya. Saboda haka mafita takan zo ta ɗaya daga 'yan hanyoyi kaɗan. Ko a ɗora laifin a kan wani na gefe, boka ko ƙanwar miji ko ƙawar tsohuwa mai zuga. Ko uwa ta sa a saki ta farko ta kawo zaɓinta, 'yar ƙanwarta ko 'yar aminiyarta, sai zaɓin nata ya gasa mata aya a hannu, ta koma da kanta biko. Ko kuma ciwo ya kwantar da ita, kowa ya gudu, matar da ta tsana ta zama mai jinyarta. Sai wani dattijo, kawu ko liman ko mai unguwa, ya tara kowa ya yi nasiha, a yafi juna. Wannan tunani na wanke suruka daga ƙarshe tsoho ne ƙwarai: a wasan Hecyra na marubuci Terence, wanda aka fara nunawa a Rum shekara 165 kafin haihuwar Annabi Isa, uwar mijin da kowa ke zargi ita ce ta fito ba ta da laifi.

Abin takaici shi ne nasihar dattijon ba ta cika wuce "a yi haƙuri" ba, alhali fiƙihun da jama'ar Kano da ta Diffa suke bi ya yi magana filla-filla a kan wannan batu. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil da sharhohinsa, asali mace tana da damar ƙin zama wuri ɗaya da dangin mijinta, tare da wasu togaciya, kuma idan ana cutar da ita dole a raba musu wuri. Malamai da yawa, ciki har da Ahmad bin Hambal da Ibn Taimiyya, sun tafi a kan cewa biyayyar iyaye ba ta wajabta wa ɗa sakin matarsa ba idan babu dalili na shari'a. Da finafinan sun sa wannan a bakin liman ɗinsu, da sun yi wa dubban gidaje amfani. A Nijar buƙatar ta fi ƙarfi, domin ƙasar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. Yunƙurin da aka yi a 2011 bai kai ga nasara ba, aure da saki suna tafiya bisa al'ada da addini, kuma rikici yakan fara zuwa gaban dangi da malamai da sarakunan gargajiya kafin ya kai kotu. Abin da talaka ya sani game da haƙƙinsa, daga bakin waɗannan yake jin sa, sai kuma rediyo da fim.

Akwai wani giɓi kuma. Amaryar fim yawanci budurwa ce wayayyiya, ta yi boko, tana da bakin ramawa ko da a bayan ido. Amaryar karkara ba haka take ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijar na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 an yi musu aure kafin su cika 18. Yarinya mai shekara 15 da aka kai gidan miji, uwar mijin ce ke ƙarasa renonta: ita ke koya mata tuƙin tuwon gida mai yawa, ita ke lura da cikinta na fari kafin ta tafi wankan gida, kuma sau da yawa ita ke yanke shawarar ko za a kai ta asibiti idan naƙuda ta yi tsanani. Ikon da ke hannun irin wannan dattijuwa ya wuce na ɗanɗana miya, yana iya zama rahama, yana iya zama halaka. Camama ba ta taɓa wannan ba sai sama-sama. Haka kuma ba ta cika tambayar abin da ya sa tsohuwa take riƙe ɗanta da hannu biyu ba. Ronald Cohen, wanda ya yi nazarin aure a tsakanin Barebarin Borno ya wallafa shi a 1971, ya nuna yadda saki ya yawaita har mace kan yi aure fiye da ɗaya a rayuwarta. A inda aure ba shi da tabbas, babu fansho, gado kuma kaɗan ne, ɗa namiji shi ne jinginar mace idan ƙarfi ya ƙare. Wadda ke ƙirga ledar cefane tana ƙirga abincin tsufanta ne. Fim ɗin da ya nuna kwaɗayinta bai nuna tsoronta ba ya faɗi rabin magana.

Yadda ake kallon finafinan ma ya shiga cikin ma'anarsu. A gidajen kallo masu janareto, samari ne suka fi yawa, su kuwa Ibro suke bi. A cikin gida ne barkwancin suruka ya samu ainihin masu shi, inda talabijin ɗaya ke tsakar gida, tsohuwa a kan tabarma, matan 'ya'yanta a ɗan nesa, yara a gaba. Kowa ya san wadda ake nufi, ba mai cewa komai, wata ta rufe baki da gefen mayafi, tsohuwar ma takan yi tsaki ta ce wannan mata ba ta da hali. Zuwan wayar hannu da katin ajiya da masu tura finafinai a kasuwa ya rage wannan zama, kowa ya koma kallo shi kaɗai. Daga baya tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da finafinai masu dogon zango a YouTube, da na Indiya da aka fassara da Hausa, suka karɓe kasuwar, uwar miji kuma ta koma ɗaya daga zaruruwan dogon labari, ta fi fitowa a matsayin hamshaƙiyar Hajiya mai gidan sama da direba.

Wannan Hajiya ta yi nisa da kwarin Komadugu, musamman bayan abin da ya faru daga 2015. Ranar 6 ga Fabrairu na wannan shekara Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka dakatar da cinikin kifi da tattasai na tsawon lokaci, aka kwashe mutane daga tsibiran tafki. Harin 3 ga Yuni 2016 ya sa kimanin mutum 50,000 suka bar Bosso da kewayenta, bisa ƙiyasin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Iyalai suka zube a bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, a wurare irin su Kindjandi da N'Gagam, cikin bukkokin zana da tamfol. Gandun da ya ba uwar miji iko ya watse, rumbu ya zama buhun agaji, kuma a gidaje da dama namijin da ake jayayya a kansa ya rasu, ko ya ɓace, ko ya tafi neman abinci. Tsohuwa da matar ɗanta suka wayi gari su biyu ke riƙe da yara, ɗaya tana layin ruwa, ɗaya tana tsaron bukka, a wurin da ko labulen da kunya ke buƙata babu. A cikin wannan zama akwai saɓani, akwai ban dariya, akwai kuma riƙon amana da tsohon salon camama bai tanadi wurinsa ba. Marubuta da 'yan wasan Diffa da Damagaram, waɗanda suka gaji dandalin samariya kuma suka san waɗannan gidaje daga ciki, su ne suka fi cancanta su rubuta shi, da Hausa da Barbarci duka.